Kwalaben da Inna Ta Girgiza

Shekarata ta ƙarshe ce a jami'a, wajen tsakiyar shekarun saba'in, kuma Baba ya gama shelanta wa garinmu Gaya cewa bana ɗansa zai fito. Ga shi jikinsa ya fara ƙi.

Aikin da aka ba ni shi ne in gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a wani sinadari na ɓawon maɗaci, wanda na saro a gonar kawuna a Gafasa. Sai an bar ruwan sinadarin ya tsane a hankali ba tare da an motsa shi ba, ya fitar da ƙwaya kamar ta gishiri, sannan a haska ta da eksire, a karanta ɗigon da ya fito a fim. Da hutu na taho gida da kwalaben ruwan sinadarin, na jera su bayan randa saboda sanyi.

Ashe kullum Inna sai ta girgiza su!

Ranar da na kama ta na ce, "Haba Inna!"

Ta ce, "To jiƙon wa ka taɓa gani ya haɗu ba a girgiza ba? Boko dai!"

Wallahi kamar in yi kuka. Ƙwayoyin duk suka fito manne da juna. Da na koma makaranta na haska mai dama-damar, ɗigon ya fito bibbiyu, wasu sun dame kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Na yi ta lissafi har idona ya yi ja. Yawancin zarrar suka zauna daram, amma gefe guda na sinadarin ya ƙi, duk inda na sa shi lissafin ya kauce.

Wani abokin karatuna ya ce, "Kai ma da taurin kai! Zubar da ɗigon da ke gardama mana, ka zana abin da ya dace. Wa zai duba?"

Na ce ni zan duba. Na rubuta cewa wannan gefen ban san shi ba, hotunan ba su isa su nuna ba. Malamina ya karanta, ya ce gaskiya ce, amma aiki bai kammala ba. Sai dai in ƙara shekara, in sake ƙwaya.

Na samu Baba a zaure na gaya masa komai har da shawarar abokina, kaina a ƙasa. Sai ya tambaye ni:

"Da ka zana ɗin, ƙarya ce?"

Na ce ƙarya ce.

Ya ce, "To koma. Allah ya kai mu baɗin."

Na koma, sabuwar ƙwayar ta fito tas, gefen ya zauna. Baba kuwa kafin damina aka kai shi makwancinsa.