Mutumin da ke Bayan Ƙofa

Yayana ne ya fara kai ni sinima a Kaura Namoda, lokacin jirgin ƙasa yana zuwa ɗaukar gyaɗa. Fili ne mai katanga, ba rufi. Fim ɗin na Turawa ne, baƙi da fari. Wata mata tana haɗa shayi a ɗakinta, mu kuwa tun farko an nuna mana wani mutum ya laɓe a bayan ƙofa. Ita ba ta sani ba. Ta zuba ruwa, ta nemi cokali, ta zauna.

A wurinmu ba a kallo da baki rufe. Kowa na gaya mata ta waiwaya, muryar Yaya ta fi ta kowa. Ni na kasa. Sai na ƙanƙame benci. Da aka tashi Yaya ya yi ta yi mini dariya, wai za a kashe matar mutane ina kallo, ko tari ban yi ba.

Mai kunna injin, wani Kirista ɗan kudu da ya daɗe a Kaura, ya ce Baturen da ya shirya fim ɗin da gangan yake yi. Ba ya razana ka farat ɗaya. Nuna maka abin yake, ya bar ka zaune da shi. Ya ce na bayansa duk a wurinsa suka koya. Iyakata firamare, ban riƙe sunan Baturen ba, amma na gaskata. Da bidiyo ya zo Shinkafi, inda nake ɗinki, na ga dabarar a finafinan Indiya, na gan ta a na Sin. Kullum akwai ƙofa, kullum akwai wanda bai sani ba.

Ana daf da yanke mana jiha daga Sakkwato ciwon hanta ya kama Yaya. Ni na kai shi asibiti. Likita ya ja ni gefe ya ce mu koma gida, ba sauran abin yi. A gidanmu ba a gaya wa mara lafiya irin wannan, sai dai a ce da sauƙi. Kawunmu ma ya ja mini kunne.

Na riƙa zuwa gidansa a Zurmi ina samun sa a zaure yana zaɓen irin gero, yana zancen bijimin da zai saya a Kasuwar Daji. Abin da ya hana ni sukuni shi ne babban ɗansa. Sun yi faɗa kan gona, ɗan ya koma Jangeru, shekaru ba sa magana. Yaya yana ganin akwai lokaci. In na faɗa, na saɓa wa manya, wataƙila ma na karya masa zuciya. In na yi shiru, zai tafi ba su shirya ba.

Wata rana da la'asar na buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Ya ajiye faifan ya dube ni.

"Ɗan'uwa, na san kallon nan. Haka ka yi a bencin Kaura."

Ya daɗe yana juya geron da yatsa.

"Je ka Jangeru ka zo mini da shi."

Washegari na je. Aka ce ya tsallaka Nijar da shanu. Na bar saƙo a wurin duk wanda na gani. Sai bayan an yi sadakar bakwai ta Yaya ɗan ya iso.

Har yanzu in ana kallo aka nuna ƙofa, tashi nake in fita.