Ranar da Kawu Ya Ƙi Rantsuwa a Gaban Joji

Ana idar da sallar asuba muka kamo hanya daga Mamudo, ni da kawuna da maƙwabcinmu, shaidarsa. Kawu na riƙe da igiyar takarkarinsa, abin da ya rage masa ke nan tun da lorin wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa ya banke san a bakin hanya ya kashe shi. Da shi yake fatauci, da shi yake ci da iyali. Mun fara kai ƙara wurin alƙali, ya ce kamfani ba ya ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, ba shi da iko a kansa, sai mu jira joji ya zo rangadi Potiskum.

Hanya yashi ce har idon sawu. Duk motar da ta taho, kawu sai ya ratse can cikin gona yana harararta. Da hantsi muka shiga gari. Ƙosan da muke saye anini a gida, a bakin kotu kobo ne, kuma bai fi ƙwallon goriba girma ba. Na ci ina mita.

Wanda ya saba da zauren alƙali sai ya yi ƙauyanci a nan. Can a ƙasa kake zama, alƙali da muhutinsa, mai taimaka masa, suna duba littafi, shaidu su yi magana, in abu ya cije a ba da rantsuwa, magana ta ƙare. Nan kuwa tsayar da kai ake yi cikin wani akwatin katako. Joji Bature ne, yana ta gumi, yana rubuta kowace kalma da hannunsa. Tafinta na juya magana, lauyan kamfani na yi wa mutane tambayoyi, amma mai yanke hukunci joji ne shi kaɗai.

Da aka kira kawu, kafin ya buɗe baki sai akawu ya miƙo masa Alƙur'ani. Kawu ya maida hannuwa baya.

"Ranka ya daɗe, tun da nake ban taɓa rantsuwa ba. Ba zan fara a kan dabba ba."

Ga shi an ce mana in bai ba da shaida ba za a kori ƙarar. Lauya ya miƙe yana murmushi, wai mai gaskiya ba ya gudun rantsuwa. Joji ya tambayi tafinta dalili. Tafinta ya bayyana masa cewa a wurinmu rantsuwa ƙarshen shari'a ce, kuma dattijo kan haƙura da haƙƙinsa don kada ya ɗauka. Joji ya ce doka ta yarda mutum ya yi alkawari da baki. Kawu ya yi, ya faɗi nasa.

Sai aka kira direban lorin, wani saurayi Bakano. An miƙa masa Alƙur'ani, ya kai hannu, ya dubi kawu, ya janye.

"Baba, ka yafe mini. San yana ɗaure a gefe, ni na kauce hanya."

Murmushin lauya ya ɗauke. Joji ya ce kamfani ya biya san.

Da la'asar muka juyo gida, ina ta cika baki kamar ni na yi shari'ar. Na dai koyi cewa kowace kotu da huruminta, kuma rantsuwar da take rufe magana wurin alƙali da ita ake buɗewa wurin joji. Da muka hango rumbunan Mamudo na ce, "Kawu, da joji ya ce dole sai ka rantse fa?"

Ya ɗaga igiyar. "Da wannan kaɗai zan kai wa innarka."