Malama Tsaya-tukuna da Amya ta Goma Sha Huɗu

Idan Malama Tsaya-tukuna ta zare tabarau ta ajiye a kan tebur, masu kiwon zuma sun san abin da ke biye ba mai daɗi ba ne. Ranar da ta zare mini nata, dariya nake yi. Ban san akwai guba a gidana ba, cikin farin bokiti, a kan firij.

Kafin in kai nan, bari in faɗi ko wace ce. Shekara ashirin da tara ta yi tana gwada zuma a ɗakin gwaje-gwaje, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Maigadin wurin ya ce da ita yake saita agogonsa. Ƙarfe bakwai da rabi ta shigo, ta rataye mayafi a bayan ƙofa, ta sa farar riga, ta duba sanyin firij ta rubuta, sannan ta kunna na'urar da sai ta yi kusan awa tana gurnani kafin ta yarda ta yi aiki. Ɗakin ba wani girma gare shi ba. Dogon tebur ne, da kanta cike da ƙananan kwalabe kowace da lambarta, da famfo mai ɗiga, sai kujerar baƙi guda ɗaya wadda ƙafarta ɗaya ta gaza sauran tsawo.

Abin da take nema a cikin zuma ba sukari ba ne, ba ruwa ba. Akwai tsirran da furensu ke ɗauke da guba. Ƙudan zuma ya sha abinsa ya kai amya, gubar ta zauna a cikin zumar, kuma ba lallai launi ko ƙamshi su nuna ba. Ita ce mai tare wannan kafin ya kai bakin mutane.

Sunan kuwa mu masu kiwon zuma muka sa mata. Duk wanda ya zo da gaggawa, amsarta ɗaya ce: "Tsaya tukuna." Shugaban ƙungiyarmu ya ba ni labarin wani babban ɗan kasuwa da ya tsayar da mota shaƙe da jarkoki a bakin ƙofa, ko kashe inji bai yi ba, yana jiran ta sa hannu. Wani layi a takardar sakamakon bai kwanta mata ba, ta ce sai ta sake. Ya yi faɗa, ya kira manya a waya, ita kuwa ta ci gaba da wanke kwalabenta. Bayan kwana biyu zumar ta fito lafiya lau. Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta sa hannu, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Nawa ya faru ne shekara uku da suka wuce, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, furanni suka yi ƙaranci. Na kai mata samfur na jera a tebur. Ta ƙirga kwalaben, ta buɗe fayil ɗina, ta sake ƙirgawa.

"Malam, amyoyinka goma sha huɗu ne a nan. Kwalba goma sha uku nake gani."

"Ai ta goma sha huɗun ta gida ce, Malama. Ba ta shiga kasuwa."

Duk mai kiwon zuma ya san wannan. Saƙar zumar da ta fi kyau, fara tas, ba a tace ta, ba a sayarwa. Ita ake ware wa iyali da waɗanda ake jin nauyinsu. Gwaji kuma a wurinmu na kayan kasuwa ne, don a samu takarda. Wa zai nemi takarda a kan abin da zai ba 'ya'yansa?

A nan ta zare tabarau.

"Ina take, ita amyar?"

"Can gindin dutse, ita kaɗai. Ita ta fi kowace albarka bana."

"Sauran sun rame, ita ta yi ƙiba, bai ba ka mamaki ba? Me ƙudan ya samu a can da 'yan'uwansa ba su samu ba?"

Na ce, "Haba Malama, tun ina saurayi nake shan saƙa, ga ni daram."

"Ga ka daram, ga tumbi ma. Saurara. Wadda kuke haɗawa a ganga, idan amya ɗaya ta ɗauko wani abu, sauran sun surka shi. Saƙa kuwa ba abin da ya surka ta. Wadda kuka fi so ita na fi tsoro. Ka yanko mini gobe, kuma kada kowa ya taɓa."

'Yata Auta tana da shekara tara a lokacin, tana fama da tari, uwarta na ba ta cokali ɗaya kowace safiya. Tsohuwar zumar ta ƙare, sabuwar ake jira a fara. Na bar bokitin saƙar a kan firij na ce kada a buɗe. Uwar ta ce, "Yau kuma zumar ce aka kai makaranta? To Allah ya sa ta ci jarrabawa." Auta ta yi kwana uku tana ɗaga kai tana kallon bokitin.

Amma akwai abin da ban gaya wa Malama ba. Tun ranar da na cire zumar na yanka gida uku na yi kyauta: ɗaya ga Yayata, ɗaya ga surukina, ɗaya ga direban da ya kwaso mini kaya daga daji. Kunya ta hana ni in bi su in ce su dakata. Yaya za ka ba surukinka abu, ka dawo ka ce kada ya ci?

Rana ta uku da hantsi wayata ta yi ƙara. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Akwai guba, kuma ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Yarinyar ta sha?"

"Ba ta sha ba."

"Alhamdu lillahi. Wa ka ba?"

Na fara kame-kame.

"Malam, shekara nawa ina tare da ku? Ba mai kiwon zumar da ke cin saƙa shi kaɗai. Wa ka ba?"

Na lissafa mata. Ta ce in kira su yanzu, ga ta nan zuwa. Surukina bai taɓa tasa ba, wai yana jiran baƙi. Yaya kuwa ba ta ɗauki waya ba. Muka iske ta kwance a tsakar ɗaki, zufa ta jiƙa ta, ta yi amai har sau biyu. Da safe ta ci saƙar, cokali uku.

"Hawan jinin nan ne," in ji ta. "Ɗakin ne ke juyawa. Kai kuma wace ce ka kwaso mini gida ko shara ban yi ba?"

Malama ta durƙusa ta kama hannunta tana duban agogo. "Yaya, sharar za ta jira. Tashi mu je." A cikin mota ta rubuta sunan gubar da lokacin da aka ci a bayan wata takarda, ta miƙa wa likita da hannunta. Daga baya likitan ya ce mini takardar ta rage musu lalube. Kwana biyu Yaya ta yi a asibiti. Da ta farfaɗo, maganarta ta farko ita ce, "Duk zumar duniya, wannan ka ga dama ka ba ni?"

Saura direba. A bakin hanya na tare shi, ban san sunansa ba, ban karɓi lambarsa ba. Abin da na riƙe kawai, motar shuɗiya ce, murfin bayanta da igiya aka ɗaure, ya kuma ce zai kai wa yaransa. Wannan ba aikin Malama ba ne, aikinta ya ƙare a takarda. Amma kwana huɗu tana tashi daga aiki ta same ni a tasha, muna bi rumfa rumfa. Ta rubuta sanarwa ta manna a allon tashar. Direbobi har suka fara yi mata kirari da mai neman shuɗiyar mota.

Malama, ke ce Tsaya-tukuna, mai tare cokali kafin ya kai baki. Ke ce kika ƙirga kwalba goma sha uku kika ƙi yin shiru. Ba ki taɓa ɗaga mini murya a kan abin da na ɓoye ba, ko sau ɗaya. Abin da kika ce kawai, baɗi in fara kawo ta gida. Yau a ƙungiyarmu kwalbar farko da kowa ke ɗorawa a teburinki ita ce ta iyalinsa. Auta ta shiga sakandare, tarin ma ya tafi. Na gode. Yaya ta ce in gaishe ki, kuma wai yanzu ta yi shara. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka.

Wanda zai gaji wannan ɗaki, ya gaji ƙirgan nan tare da mabuɗi. 'Yan'uwana masu amya kuma, kada a jira sai an zare wa mutum tabarau.

Amyar na ɗauke ta daga gindin dutsen. Sau biyu Malama ta bi ni can tana tsinkar ganye da fure tana zubawa a ambulan, amma har yau ba a tabbatar da tsiron da ƙudan ya sha ba. Direban ma ba mu same shi ba. Ban sani ba ko yaransa sun ci saƙar nan ko ba su ci ba.