Tabla Ba Ta Sakin Mai Ita

Duk wanda ya zo rumfata ya ce in ba shi labarin Rosamel Curinao, ƙafarsa nake fara dubawa. In eski ne a ɗaure, wato katakon sulu a kan ƙanƙara, sai in ce ya karɓi burodinsa ya ƙara gaba. Yau kam zan faɗa, don na gaji da jin ana ba da shi a karkace.

Rosamel yayana ne, ciki ɗaya, ya ba ni shekara huɗu. Ni ce Ercilia, mai soya burodi da dafa mate, shayin ganyenmu, a inda kujerun da ke hawa dutse a jikin waya ke sauke mutane, can saman filin sulu na Trafunco a kudancin Chile. Tun kafin kamfani ya zo ya kafa turakunsa muke kiwon awaki a dutsen nan da rani, don haka babu wani kwazazzabo da ƙanƙara ke rufewa wanda Rosamel bai taɓa bin akuya a cikinsa ba.

Rosamel yana da shekara goma sha tara wani baƙo ya faɗi ya goce kafaɗa, ya rantse ya bar sulu har abada, ya jingine tablarsa a dangarmu ya tafi. Faffaɗan katako ne guda, a ɗaure ƙafa biyu a kai, mutum ya gangaro a kaikaice. Da Inna ta gan ta sai ta ce, "Kai, fitar mini da wannan abin, ai murfin akwatin gawa ne." Muka yi ta dariya. Rosamel kuwa ya ɗauke ta, ya koya wa kansa hawanta.

Ga bambancin da 'yan birni ba su damu su sani ba. Eski guda biyu ne, sirara, in ka faɗi sai su ɓalle su kama gabansu. Tabla ba ta ɓallewa. Da wannan Rosamel ke cika baki: "Eski abokin cin daɗi ne, ana faɗuwa ya tsere. Tawa kuwa inda na je nan za ta." Ni kuma in ce, "Inda ta je ma nan za ka, Yaya." Sai ya ce in ji da man suyata.

An yi zamanin tabla a nan, wallahi an yi. Samari daga Temuco da Santiago, wando kamar buhu, gashi har kafaɗa, a cika kujeru ana ihu. Rosamel ya zama malaminsu, akwai lokacin da ɗalibansa suka kai arba'in a rana. 'Yan eski suna tsaki, wai an cika musu hanya da zaman dirshan. Gaskiyarsu ne kuwa, ɗan tabla ba ya ɗaura maɗaurinsa a tsaye, sai ya zauna a kan ƙanƙara. Wannan zaman Rosamel ya mayar doka. Duk wanda ya zauna a bakin gangare sai ya cire safar hannu, ya tura hannu cikin ƙanƙarar har gwiwa, ya yi shiru.

"To, me ta ce?" in ji Rosamel.

"Sanyi ta ce, Malam!"

"Kai dai jaki ne. Sake turawa."

A haka ya koya musu jin inda ta haɗe da inda ta yi gari, da ranar da ba a taka ta. Sau uku a zamaninsa ya sa aka rufe Kasko, wato babban gangaren da ke saman rumfata, mai zurfin ciki kamar kaskon suyar alkama. Sau biyu cikin ukun ƙanƙarar ta zaftaro da kanta kafin rana ta faɗi.

Ba rana guda abin ya mutu ba. Aka fara kawo eski gajeru masu faɗi, waɗanda ko tsohuwa za ta iya juyawa. Samarin nan suka yi tumbi, gwiwa ta fara ciwo, zama da tashi ya gagare su. Suka dawo da 'ya'yansu, kuma eski suka ɗaura musu, wai ya fi saurin koyo. Arba'in ta koma goma, goma ta koma biyu. A shagon haya tabla tamanin ce jere a bango, aka bar shida, sauran aka ciccire musu maɗauri aka buga musu ƙafafu. Su ne bencin da ke gaban rumfata yanzu, 'yan eski na zaune a kai suna zubar da miya. Rosamel bai taɓa ɗora jikinsa a kan ko ɗaya ba, a tsaye yake shan matensa.

Abin da ya fi ci masa rai 'yata ce, Millaray. Shi ya yi mata tabla da hannunsa tana shekara biyar, tana kai takwas ta ce eski take so, don duk ƙawayenta shi suke yi. Ta kuwa iya, ta iya har mutane na tsayawa kallo. Shi dai ya rataye 'yar tablar a ɗakin itace.

Shekara uku da suka wuce aka kawo sabon manaja, Don Aníbal, mutumin Santiago, mai fara'a da fararen haƙora. Ya rufe ajin tabla, ya mayar da Rosamel mai taimaka wa mutane sauka daga kujera. Ya kuma shirya babbar gasar eski a Kasko, ranar wata Asabar a tsakiyar Agusta, har da masu zaɓen 'yan wasan ƙasa. 'Yan tsere talatin da ɗaya, Millaray ce ta fari a jerin.

Sanyin shekarar ya zo a karkace. A Yuli, tsakiyar sanyinmu, aka yi ruwan sama har kan dutse, abin da ba a saba ba, ya daskare ya zama kamar gilashi. Bayansa aka yi mako biyu sararin sama tangaran. Sai a makon gasar ƙanƙara ta sauko kwana uku ba tsayawa, tana ɗaukewa puelche ya taso, iskar gabas ɗin nan da ke sa karnuka kuka. Ya kwashi ƙanƙarar tudu ya jibge ta a bakin Kasko. Ranar Juma'a gari ya waye fes, kowa na murna.

Da hantsi Rosamel ya shigo rumfata, hannun rigarsa a jiƙe har kafaɗa. Don Aníbal na ciki yana shan kofi.

"Don Aníbal, a ɗaga gasar nan," in ji shi, ko gaisuwa babu.

"Don Rosamel! Lafiya?"

"Na zauna a bakin Kasko. Sama ta haɗe kamar falalen dutse, ƙasa kuwa sukari ne zalla a kan gilashi. Ina zaune na ji ta yi ajiyar zuciya a ƙarƙashina."

"Ajiyar zuciya," in ji Don Aníbal, yana murmushi. "Masu sintirina sun zaga da safe, sun caka sanda, sun ce lafiya lau."

"A tsaye suka caka. Akwai wanda ya zauna?"

Wasu 'yan eski a ƙofa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, mu ba da mazaunai muke auna dutse ba." Don Aníbal ya dafa kafaɗarsa ya ce a bar wa masu aikin aikinsu, ya kuma tuna masa cewa kujeru na can ba mai tsaro.

Da yamma Millaray ta biyo rumfar tana kaɗe takalmi. Rosamel ya ce, "Millaray, gobe kar ki sauka."

"Haba Kawu! Shekara nawa ina jiran ranar nan?"

"Wata za ta zo."

"Kawu, kai fa tun da aka rufe ajinka komai na dutsen nan bai yi maka ba." Ta sumbace shi a kumatu, ta saci burodi guda ta fice.

Nan ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Ya juyo ya dube ni, yana jiran in ce wani abu, ni uwarta. Ni kuwa na riga na guga rigar da zan sa a hoto. Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, da gasar tabla ce za ka ce a ɗaga?" Ya ajiye ƙoƙon matensa a kan tebur a hankali, bai ma shanye ba. Har gobe in na tuna maganar nan sai in ji kamar in ciji harshena ya fita.

Asabar da sassafe muka hau kujerar ma'aikata tare, ni da bokitin ƙulluna, shi da tablarsa a kan cinya. Puelche ya kwanta, dutsen ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Na lura ya aske gemu. Na lura kuma bai ɗauko jakar abincinsa ba.

"Ina za ka da tabla? Ai kana kan kujeru yau."

"Zan yanka Kasko."

Na san abin da ake nufi. Mutum ya ratsa bakin gangaren da gudu daga wannan gefe zuwa wancan, in ƙanƙarar mai tafiya ce ta ɓalle a ƙasansa ta tafi, shi ya tsira a kan duwatsun gefe. Aikin mutum biyu ne ko uku, da igiya, kuma da eski ake yi, don in ta kama ka su ɓalle ka yi iyo a samanta.

"To ka ari eski mana!"

Ya yi 'yar dariya. "Ni da eski? Ai kafin in kai tsakiya na faɗi sau uku. A bar ni da wadda ta san ni."

"Bari in kira masu sintiri."

"Za su tare ni, ƙarfe goma kuma 'yarki ta sauka." Ya gyara hularsa. "In ba komai, na dawo ki yi mini dariya, kin ga kin samu na ba da labari. Ki ɗora ruwa."

Ban ɗora ba. Na tsaya a ƙofar rumfa ina kallonsa yana hawa da ƙafa, tabla a baya, yana nutsewa har cinya. Can ƙasa, a gindin dutse, an fara gwada lasifika. Ya kai bakin Kasko. Ya zauna, ya ɗaura maɗaurin, ya cire safar hannu ya tura hannu. Ya daɗe a haka, har na fara cewa ko ya fasa. Sai ya miƙe.

Ya yi kyau, wannan kam ba mai ƙwace masa. Ya ratsa kamar an ja zare, ya wuce tsakiya, saura kaɗan ya kai duwatsun. Na ji wani "gum" a tafin ƙafata kafin kunnena ya ji. Tsaga ta buɗe, amma ba a ƙasansa ba, a samansa ta buɗe, daga wannan kunnen Kasko zuwa wancan. Gangaren gaba ɗaya ya taho. Na ga jar rigarsa sau ɗaya, na sake ganinta, daga nan sai farin hayaƙi.

Tutocin gasar, da ragar gefe, da rumfar alƙalai da aka kafa ranar Juma'a, duk ƙanƙarar ta share su. A hanyar da Millaray za ta bi, ƙanƙara ta taru fiye da tsayin gida.

Minti hamsin aka yi ana caka sanduna ana nemansa. Millaray na cikin masu tono, da lambar gasa a ƙirjinta, lamba ɗaya. Tablar aka fara samu, can ƙasa, ta kafe kamar an binne turke. Shi yana haɗe da ita. Wani tsohon ma'aikacin sintiri ya ce da ƙafafunsa a sake suke, wataƙila da ya taso sama. Maɗaurin ya daskare, ya ƙi buɗuwa, sai da wuƙar burodina aka yanke shi.

Bayan jana'iza Don Aníbal ya zo gida da furanni, ya ce suna so a rataye tablar a bangon gidan cin abincin kamfani, don tunawa. Na ce ko za su buga mata ƙafafu ne a samu ƙarin benci? Ya fita bai sha mate ba. Tablar tana nan bayan ƙofata. A shagon haya kuwa shidan nan sun koma biyu, bara ma ba wanda ya tambaye su.

Millaray ba ta je wajen 'yan wasan ƙasa ba, ta shiga aikin sintiri. Eski take hawa har yanzu, ta manta hawan tabla, kuma babu mai koya mata. Amma duk safiya in ta kai bakin Kasko sai ta zube a ƙanƙara da eskinta, ta cire safar hannu. Sababbin ma'aikata na tsokanarta, "Tashi mana, ke 'yar tabla ce?" Ita kaɗai ke zama a duk dutsen nan.

Bana ma an yi ruwa a Yuli. An kawo wani sabon manaja, shi ma mai fara'a ne, ya sa gasa ranar Asabar. Jiya Millaray ta shigo rumfata, hannun rigarta a jiƙe har kafaɗa, ta tsaya tana dubana. Puelche kuwa tun shekaranjiya yake kaɗawa.