Ranar da Aka Gwada Jinina

A shekarar da aka sake buɗe iyaka, ina ɗan ashirin da biyu, babur ya kaɗe Baba a hanyar Ƙonni. Cinyarsa ta tsage, jini kamar an yanka rago. Muka kai shi asibiti, ni da Inna da Baffa, ƙanen Baba. Likita ya ce sai an ƙara masa jini, kuma yanzu-yanzu.

Ni dama sarkin gaggawa ne, tun bai rufe baki ba na naɗe hannun riga. Inna ta riƙo ni. "Bari Baffanka shi bada." Na fizge. Baffan da ke haki in ya ɗauki buta?

Mai gwajin jinin wani saurayi ne sabon zuwa, mai ji da boko. Ta wata 'yar taga yake aiki, layi a bayana har bakin ƙofa: 'yan canji, mata masu goyo, duk idon sani. Ya soke ni a yatsa, ya ɗiga jinin a kan farin faranti, ya dama da tsinke. Ya duba takardar Baba, ya dube ni.

"Naka zai yi masa, irin mai yi wa kowa ne. Amma ka ce kai ɗansa ne?"

"Ɗansa na fari."

"A'a. Mai irin jinin dattijon nan ba ya haifar mai irin naka."

Da ƙarfi fa ya faɗa, kamar mai tallar albasa!

Baffa ya zaburo. "Mi kac ce? Kai, dubi huskatai! Ba tsagar gidanmu ta ba wagga?"

"Alhaji, tsaga aikin wanzami ce."

Wallahi da ba don ƙarfen tagar nan ba, da na shaƙe shi. Na juya wajen Inna, ina jiran ta tsine masa. Ta sunkuyar da kai. Nan na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba.

Aka kwantar da ni aka fara ɗibar jinin. Inna ta tsuguna kusa da kunnena. Ta ce wata mata ce daga hayin iyaka ta faɗi a ƙofar gidanmu da jariri a baya, ba ta kwana ba ta rasu. Su kuwa shekara tara ba haihuwa. Baba ya tafi da ni da Inna garin Amarawa, wajen dangin Inna, suka yi wata goma, wanzamin can ya yi mini tsaga, suka dawo da ɗa. Ko Baffa bai sani ba.

"Babanka ya sa na rantse ba ka taɓa ji. In ya san ka ji, ba ciwon ƙafa ka kashe shi ba."

Kafin ranar kasuwa duk garinmu Illela ya ji. Ina wucewa hira na yankewa. Ni fargabata ɗaya ce: wani mai dogon baki ya je dubiya ya ɓaro ta. Baffa ya bi rumfa-rumfa yana roƙon mutane kada su faɗa wa Baba, shi da ba ya roƙon kowa ko ruwa.

Ranar da Baba ya iya zama, ya kira ni. Ya daɗe yana kallon fuskata.

"An ce kai ka ba ni jini."

"Ni ne, Baba."

"Da sun ka gwada, ba su ce ma komi ba?"

Inna na bakin ƙofa da kwanon kunu, ta ƙame.

"Sun ce ya dace."

Ya saki numfashi, ya yi dariya har ciwon ya motsa. "To, ɗa da ubanai, ina zai ƙi dacewa?"

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Kullum yana zaune cikin 'yan canji, mutanen da gulma ce abincinsu, yana cika baki da ɗansa na fari, suna gyaɗa kai. Ko ɗaya bai taɓa faɗa masa asirin ya tonu ba. Ni ma haka.