Sunan Wanda Za a Kira

Shekara ashirin da uku Orelie Surette tana tuƙa motar 'yan makaranta a Pubnico, wani ƙauyen masunta a bakin teku. Ba ta yi aure ba. Ita da ƙanenta Gaston suka rage a gidan iyayensu, har bara da aka tsinci jirginsa yana yawo a teku babu shi a ciki.

Jirgin ƙarami ne, mai tafiya da iska. Kowa ya ɗauka sayarwa za ta yi. Da sanyi ya wuce sai ta sa aka ja shi rumfar Wendell Amiro, tsohon mai gyaran jirage wanda ya san ta tun tana rarrafe, ta ce a sa masa duk abin da ya kamata, ita za ta riƙa fita da shi.

Wendell ya saka mata rigar hana nitsewa, ya ja maɗauri, ya ce ta koma buhun dankali. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba. Ya kafa igiyar da matuƙi ke maƙale kansa da ita don kada ya faɗa ruwa, wadda Gaston ya ƙi har ya tafi. Ya canza wutar da ake harbawa sama don neman agaji, don wa'adin tsohuwar ya wuce.

Saura oba-oba. Tana da jan maɓalli. In an danna, masu ceto kan ga lambar jirgi, su duba takardar rajista, su kira mutumin da aka rubuta a tudu. A tsohuwar takardar, sunanta ne Gaston ya sa. Ita aka kira ranar, tana tsakiyar share mota.

Wendell ya miƙa mata sabuwa. Ta cike, a layin nan ta sake rubuta sunanta.

Ya ɗaga tabarau ya duba. "'Yata, kina cikin ruwa, wa zai ɗauki wayar? Kifi?"

Ta ce to a bar wurin haka. Ya ce muddin layin nan babu kowa, jirgin ba zai sauka daga rumfarsa ba. Ta ce ta san abin da kiran nan yake, ba za ta ɗora wa kowa shi ba.

Tsohon ya goge hannunsa da tsumma. "Sau huɗu ana yi mini irinsa. Na saba. Sa nawa."

Ta soke sunanta, ta tambaye shi lambar wayarsa, ya faɗa a hankali tana rubutawa.

Ranar Asabar suka tura jirgin ruwa. Ta ce ƙarfe huɗu za ta dawo. Wendell, wanda kullum wayarsa a mota take kwana, ya je ya ɗauko ta ya sa a aljihun gaba.