Dabinon Isiyaku Na Bakwai

Isiyaku mutumin Dutse ne, kuma shekara goma sha tara ke nan yana aiki a wata gonar dabino da ke bayan garin Riyad. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara hula ya ce shi mai ɗaura wa dabino aure ne. Ba ƙarya ya yi ba. Dabino akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, shi kuwa namijin ba shi da abin yi sai fure. Idan sanyi ya fara ja baya, kwanson furen namiji ya tsage, Isiyaku kan hau ya yanko, ya tsinke silin furen, ya je ya cusa a tsakiyar furen mace ya ɗaure da ganyen zarɓa.

Hawan kowa na iya yi, zaɓen namijin ne sai shi. Ba ya kallon tsayi ko kyan ganye. Zai karkaɗa furen a tafin hannu ya ga yawan garin da ya zubo, ya shinshina kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya yanke hukunci. Ya kan ce namijin banza na sa 'ya'ya su fito ƙanana, su kuma yi ta zuba tun ba su nuna ba. A gonar akwai wani tsohon namiji karkatacce a jikin katanga, mummuna na gaske, shi ne abin alfaharin Isiyaku.

Duk ranar Juma'a yana shigowa unguwar Gubaira a cikin Riyad, ɗakin abokinsa Maulud, direban motar ɗaukar kaya, a ci shinkafa a sha shayi. Maulud bakinsa ba ya hutawa.

"Ga waliyyin bishiyoyi ya iso! Yau amare nawa aka kai ɗaki?"

"Arba'in, kuma babu wadda ta yi yaji," in ji Isiyaku.

Wata shekara sai ƙaiƙayin gwaji ya kama shi. Ya zaɓi wata macen dabino, irin da ake kira Sukkari, mai zaƙi da yawan haihuwa, ya ba ta furen tsohon nan na katanga, ya lulluɓe nonon da buhu don kada iska ta kawo garin wani namijin. Da 'ya'yan suka nuna ya ajiye ƙwallayensu, ya roƙi mai gonar, wani dattijo da ake kira Abu Nasir, ya bar masa kusurwa ya shuka. Manoman dabino ba sa son wannan wahala. Sun fi so su cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa su dasa, don sun san kamarta zai yi. Ƙwallo kuwa ba ka san me zai ba ka ba, ko namiji ne ko mace sai ya yi fure, bayan shekara biyar ko fiye. Abu Nasir ya ɗaga kafaɗa ya ce ya je ya yi.

Bakwai suka rayu. A shekara ta biyar huɗu suka yi fure, duk maza, aka sare. Shekara ta shida namiji ɗaya ya ƙaru, sai mace guda wadda 'ya'yanta ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci. Maulud ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Isiyaku ya tara gwagware a gonar mutane. Saura ta bakwai, gajera mai kauri, ta yi zamanta ko alamar fure babu.

Abu Nasir ba mugu ba ne, amma ruwa a wannan ƙasa ba abin wasa ba ne. Ya tsaya a kanta da sandarsa, ya kira Isiyaku da sunansa na Larabci ya ce, "Ya Ishaƙ, shekara bakwai tana shan ruwana. Bana in ba ta ba ni abin da zan ci ba, a cire ta."

Isiyaku ya ce, "Tayyib, ya ammi," wato to, baffa. Ya kira matarsa Biba a Dutse ya gaya mata, ta ce ita fa ta gaji da jin labarin bishiyar nan kamar ita ce 'yar autarsu, sannan ta ce za ta sa ta a addu'a.

Wata safiya a ƙarshen Fabrairu ya ga kwanso ya leƙo tsakanin zarɓa. Kwana tara ya yi yana zagayarsa, har ya tsage. Ya leƙa. Ba farin fure mai gari ya gani ba, 'yan ƙananan ƙwayoyi ne jere a kan sili kamar carbi. Mace ce! Isiyaku, dattijo mai furfura a gemu, ya dinga tsalle shi kaɗai a cikin gona, takalmi ɗaya ya fice bai ma sani ba.

Abu Nasir ya aiko masa da garin fure na kwalba, irin wanda ake sayarwa a kasuwa. Isiyaku ya karɓa da ladabi, ya ajiye a kan taga. Garin da bai san bishiyar da ya fito ba, ba zai kai shi kusa da ita ba. Tsohon na katanga kuwa ubanta ne, Isiyaku ya ce ko a bishiya wannan bai dace ba. Sai ya roƙi Maulud, suka shiga mota suka zagaya gonaki uku, yana karkaɗawa yana shinshinawa yana girgiza kai, Maulud na mita yana cewa ko auren 'yarsa bai sha wannan yawo ba. A gona ta uku ya sami wanda ya kwanta masa a rai.

Nono biyu kawai ta riƙe. Ya rage musu 'ya'ya don sauran su yi girma, ya sa musu raga saboda tsuntsaye, ya yi ta jira cikin zafin da ke narka kwalta. A watan Agusta suka fara laushi daga baki, launin zuma. Ya hana kansa ɗanɗanawa, tsoro ne ya hana shi.

Abu Nasir ya zo da hantsi, aka shimfiɗa masa darduma a inuwa, aka zuba gahawa. Maulud ma ya bar aikinsa ya zo kallo. Isiyaku ya ajiye faranti ya koma gefe ya tsuguna. Abu Nasir ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sa a baki. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku. Da Maulud ya miƙo hannu sai Abu Nasir ya janye farantin zuwa gabansa.

"Ma sha Allah," in ji shi a ƙarshe. "A ƙara mata ruwa."

Al'adar manoman Najdu ce, yankin da Riyad take, idan dabino ya fito daga ƙwallo ya yi kyau, a kan kira shi Nabtat wane, wato shukar wane, kuma galibi sunan mai gona ake sawa. Don haka Isiyaku ya ce, "To ta zama Nabtat Abu Nasir ke nan, ya ammi."

Dattijon ya harare shi. "Ni da na ce a cire ta? Ka ji tsoron Allah. Nabtat Ishaƙ ce, kuma duk wanda ya zo neman ɗanta don ya dasa, da wannan suna zai tafi da shi."

Isiyaku ya buɗe baki zai yi godiya, Larabcin shekara goma sha tara ya gudu ya bar shi. Murna ta cika shi har hawaye suka gangaro cikin gemu. Abu Nasir ya zaɓi mafi girma a farantin ya miƙa masa.

"Ci mana, ya Ishaƙ. Kai kaɗai ne a nan ka san wahalarta."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya sa a baki.